Rediyon mota: sarrafa maɓallansa da dalilin da tasha ke ɓacewa a hanya

Maɓallin BAND shi ke sauya ka tsakanin FM da AM. SEEK na tsallakawa zuwa tasha ta gaba mai ƙarfi ya tsaya, SCAN kuma na ɗanɗana maka kowace tasha na 'yan daƙiƙoƙi ya wuce. Dukansu suna tsallake tasha mai rauni, saboda haka idan ka yi nisa da gari, murɗa TUNE da hannu. In ka samu tashar, danne ɗaya daga lambobi 1 zuwa 6 kamar daƙiƙa biyu, ta zauna ke nan. Cire kan batir yana goge su a yawancin tsofaffin motoci, wasu Honda ma sai an saka musu lambar sirri kafin su sake magana.

Sauti ba shi da wuya. BAL na raba murya tsakanin hagu da dama, FAD tsakanin gaba da baya. Bar su a tsakiya. Don labarai, rage BASS, wato kaurin sauti. Idan tasha na huci, rage TREB, wato siririn sauti.

FM na tsakanin 87.5 da 108, kuma a miƙe yake tafiya, ba ya bin lanƙwasar ƙasa. Shi ya sa Companion FM da ke fitowa tangaran a cikin birnin Katsina za ta fara yankewa yayin da ka miƙa hanyar Daura, mai nisan kusan kilomita 80. Rediyonka lafiya lau yake, kada wani ya sa ka sayi sabo. AM, wato matsakaicin zango, ya fi cin nisa, da dare kuma yakan dawo daga sama har ka ji tashoshin wasu ƙasashe suna hawa kan juna. Amma shi ne mai kwasar ƙara a ƙarƙashin manyan wayoyin wuta da lokacin walƙiyar damina.

Inda aka ƙera motar domin sayarwa ma yana da tasiri. Rediyon motar Amurka na tafiya goma-goma a AM, mu kuwa tara-tara ake jera tashoshinmu, don haka ba zai sauka daidai kan 594 na Rediyon Kaduna ba, sai 590 ko 600. A FM ma lambobin mara kawai yake kamawa, irin su 92.1 da 92.3. Tsohon rediyon da aka yi don kasuwar Japan kuwa daga 76 yake farawa ya tsaya a 90. Sai an sa masa ƙaramin akwatin faɗaɗa zango a wayar eriya.

Idan rediyonka na ƙara, ga gwaji mai sauƙi: kashe injin ka saurara. Idan ƙarar ta ɗauke, daga motar take. Fito mai tashi da sauka tare da totur daga na'urar cajin batir ne ko wayar ƙasa, wato wadda ake ɗaurawa a jikin ƙarfen mota, da ta saki. Ƙas-ƙas kuma daga filogi. Zare cajar waya mai araha, ita da wasu fitilun LED sun sha kashe FM. In ƙarar na nan ko injin a kashe, duba gindin eriya ko ya yi tsatsa. Motocin da eriyarsu siraran layuka ce a gilashin baya, kankare gilashin ko liƙa baƙar leda mai ƙarfe-ƙarfe na raunana ta. Wanda kuma ya sa sabon rediyo mai allo tashoshi suka ragu, ya koma wurin mai gyaran wutar mota: galibi shuɗiyar wayar da ke ba eriya wuta ce ba a haɗa ba.