Kurakuran da ke kashe bulalar fata tun ba ta tsufa ba

Bulalata ta farko mai ne ya kashe ta, kuma ni na zuba mata shi da hannuna. Na ga ta fara bushewa, sai na samo wani mai ruwa-ruwa na yi ta kwarara mata har ta yi sharkaf, na rataye ta ina jin daɗin ƙyallin da take yi. Bayan mako biyu ta yi nauyi, ta yi laƙwas kamar jiƙaƙƙiyar igiya, kitson ya saki har kana iya cusa farce tsakanin sili da sili. In na kaɗa ta sai ta zube ƙasa, ko ƙara babu.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma masu son bulalarsu ne suka fi yin sa. Bulala mai kyau hawa-hawa ce. Akwai kitso a ciki, a lulluɓe shi da fata, wani lokaci a ƙara wani kitson, sannan a zo da na waje mai sili 8, 12 ko 16. Ƙarfinta duk yana cikin matsewar nan. Mai ruwa-ruwa yana ratsawa har can ciki, fatar ta yi laushi fiye da kima ta miƙe, kuma fatar da ta miƙe ba ta komawa yadda take. Abin da ya dace shi ne man fata mai kauri, irin wanda ake haɗawa da kakin zuma ko kitse. Lakuto ɗan abin da kan yatsa zai ɗauka, ka murza a tafin hannu har ya narke, ka bi jikin bulalar da shi daga sama zuwa ƙasa. Bar ta ta kwana, da safe ka goge ragowar da busasshen ƙyalle. Jikin kitson ba ya bukatar wannan fiye da sau biyu ko uku a shekara, sai dai in kana inda iska ta cika bushewa. In kuwa ka riga ka cika mata mai, nannaɗe ta da tsumma ko takarda su tsotse abin da za su iya, ka riƙa sauyawa, sannan ka shimfiɗa ta a tebur ka mirgina ta da faffaɗan katako don kitson ya kwanta. Za ta ɗan farfaɗo, amma kada ka sa ran ta koma sabuwa.

Baƙin mai da kananzir ba su da hurumi a nan. Man girki ma haka: yana ɓaci ya yi wari, ga kiran ɓera. Man goge takalmi kuwa a sama yake tsayawa, ya ɓata maka hannu da riga, fatar na nan da ƙishirwarta.

Abin mamaki, wanda ya tsuma jikin bulala da mai shi ne kuma yakan manta da wutsiyarta, wato tsirin fatar nan guda ɗaya da ke ƙarshen kitso, wadda ake ɗaura zaren da ke fitar da ƙara a bakinta. Nan ne wahala take. Ƙarar da kake ji tana fitowa ne saboda bakin bulalar ya zarce gudun sauti, wajen mita 343 a daƙiƙa ɗaya, sama da kilomita 1,200 a awa ke nan. Wutsiyar ce kuma ke jan ƙasa, ita ke shan raɓa. Don haka ita kam a shafa mata mai a kai a kai, kusan duk ranar da aka yi aiki da ita. Da ka ga ta yi fari-fari ko ta fara tsagewa, ta daɗe tana kuka. Ka riƙa duba ƙulli kuma. Ƙaramin ƙulli kan ɗaure kansa a wutsiya ko a zaren, in ka ci gaba da kaɗawa sai ya matse tamau ya yanke fatar a daidai wurin. Kwance shi nan take, ko da tsinin allura ne. Zaren da ya tsufa a sauya shi, wutsiyar ma in ta gajarce a kai wa baduku ya sa wata, tun kafin ɓarnar ta hau kitson.

Wajen da mariƙi ya haɗu da jikin bulala, a rage masa mai sosai. Taurinsa ake so.

Sai ruwa. Jiƙewa ba ta cika kashe bulala ba, busarwar ce. Mutum ya shanya ta a rana tsaka ko ya kara ta kusa da wuta, sai ta ƙeƙashe ta zama kamar ƙirare. Goge ta, ka rataye ta a inuwa inda iska ke wucewa, ta bushe a hankali ko da kwana biyu za ta yi, sannan ka shafa mata mai kaɗan. In taɓo ne, ƙyalle mai ɗan danshi da buroshi mai laushi sun isa. Kada ka shafa mai a kan datti, domin yashin da ya maƙale tsakanin silin nan zai zauna yana cin fatar daga ciki duk lokacin da ta lanƙwasa. Shi ya sa kaɗa bulala a kan siminti, kwalta ko tsakuwa ɓarna ce. Nemi ciyawa busasshiya. Ko fatar kangaru da masu kitsa bulala a Ostireliya suka yi suna da ita, duk da ƙarfinta, siririya ce, ba ta jure gurza.

Ajiya ma tana da nata. Leda tana riƙe danshi, sai ka buɗe ka tarar da fumfuna. In ta riga ta kama, goge da ƙyallen da aka tsoma a ruwan khal da aka sirka da ruwa, ka bar ta ta sha iska. Cikin motar da ke tsaye a rana zafi ne zai narkar da man ya gasa fatar. Kowace bulala tana da ɓangaren da take lanƙwasawa da kanta. Riƙe ta ka sake ta za ka gani. Bi wannan ɓangaren ka yi mata gammo mai faɗi, ko ka rataye ta ta mariƙi, nesa da bakin kare.

Sabuwar bulala takan zo da tauri, sai wasu su kama lanƙwasa ta da ƙarfin tsiya, har da takawa, wai su karya mata taurin. Abin da suke samu shi ne gaɓa ɗaya da ta karye, nan za ta riƙa ninkewa har abada. Kaɗa ta kawai, a hankali, minti goma ko sha biyar a rana. Bayan 'yan makonni za ka ji ta fara bin hannunka tun daga mariƙi har bakin zare.