Yadda Ake Zaɓa da Hura Balan-balan Don Biki a Zafin Ƙauyukanmu

Yanzu daga Wudil har Ringim, da wuya a yi kamu, ko suna, ko walimar saukar Alƙur'ani ba a rataya balan-balan ba. Abin da ke damuna shi ne asarar da ake tafkawa. A hura su tun da hantsi, kafin baƙi su hallara da la'asar rabi sun fashe, sauran sun yi yaushi, sai a ce mai shago ya sayar da jabu. Sau da yawa ba laifinsa ba ne. Balan-balan iri biyu ne, kowanne da abin da aka yi shi da shi, kuma wannan ne ke nuna irin riƙon da yake so.

Saboda haka 'yar'uwa, ki fara da sanin abin da za ki saya. Na roba, wanda yara suka fi sani, daga bishiya ya fito. Ana tsaga ɓawon bishiyar roba, wani farin ruwa kamar na tumfafiya ya riƙa ɗiga a tara shi. Asalin bishiyar dazukan Amazon ne na Barazil, amma yau Tailan da Indonisiya ne kan gaba wajen nomanta, mu ma muna da ita a Edo da Delta da Kuros Riba. A masana'anta sai a tsoma abu mai siffar balan-balan cikin ruwan da aka sa wa launi, a gasa shi da zafi ya yi danƙo, a zare. Wani masanin kimiyya a Landan, Michael Faraday, shi ya haɗa irinsa a 1824 don gwajin iskar gas. Tunda daga tsiro yake, rana tana cin sa, kuma jikinsa na da ƙofofin da ido ba ya gani, ta nan iska ke sulalewa a hankali.

Mai ƙyallin nan kuwa, wanda ake yi da siffar zuciya ko harufan sunan amarya, leda ce ta nailan da aka shafa wa alminiyon ɗan siriri, aka liƙe gefunanta da zafi. Sai ƙarshen shekarun 1970 ya shigo kasuwa. Yana riƙe iska kwanaki, amma ba ya miƙewa ko kaɗan.

A wajen saye, ki ce a buɗe miki leda ki ja ɗaya. Idan ya manne da 'yan'uwansa, ko kika ga tsattsagewa a jikinsa, ya sha rana a tebur, ki bar shi. Mai inci 10 ko 12 ya fi dacewa da ado. In kin kawo gida kada ki ajiye a ɗakin kwano mai zafi, ki sa a ƙasan akwati.

Wajen hurawa nan ne aikin yake. Ki wanke hannu da sabulu tukuna, domin basilin da man shafawa suna lalata roba, ga shi da hunturu hannun kowa da mai. Ki cire zobe, ki kula da farce. Ki nemi ɗan famfon hannu, ba shi da tsada, kuma ya fi a tara yara su yi ta hura ɗari da baki har jiri ya kama su. Ki ɗan ja balan-balan ɗin sau biyu ya saki jiki, sannan ki hura. Ki tsaya tun yana zagaye. Da zarar wuyansa ya fara kumbura ya yi tsawo, kin wuce gona da iri, ki rage. Dalili shi ne iska tana buɗewa idan ta ji zafi, kuma a watannin Afrilu da Mayu zafinmu na haura digiri 40. Wanda kika cika tam a ɗaki, yana fita tsakar gida zai fashe da ƙara. Ki danna shi da yatsa, in ya lotsa ya dawo, daidai ke nan.

Mai ƙyalli kuwa ya fi son lallaɓawa. A wutsiyarsa akwai 'yar ƙofa mai leda biyu a manne. Ki zura tsinken shan lemo tsakaninsu a hankali, ki hura sannu sannu, ki daina tun akwai sauran 'yan tamoji a gefensa. Ki zare tsinken, ki murza bakin da yatsa, zai rufe kansa, ba a ƙulla shi. Idan da sanyin asuba kika ga ya ɗan yamutse, kada ki ƙara iska, rana na ɗagawa zai cika da kansa.

Sai wurin ratayawa. Inuwa kawai: cikin rumfa, zaure, ko ƙarƙashin darbejiya. Zana da dangar kara da bangon da ba a yi wa yaɓe ba duk suna huda shi, don haka ki fara shimfiɗa zani ko labule, ki ɗaura kirtani a kai, ki jera su bibbiyu ko hurhuɗu. Masu duhun launi sun fi zuƙar zafi, ki kai su ciki, farare da masu haske su tsaya a waje. Kuma ki hura awa biyu ko uku kafin taro, ba tun safe ba.

Akwai masu dagewa sai balan-balan ya tashi sama. Iskar da ta dace da wannan ita ce hiliyom, ana samun ta ne tare da gas ɗin ƙarƙashin ƙasa a Amurka da Katar da Aljeriya, shi ya sa take da tsada, kuma a cikin na roba da wuya ta wuce yini guda. Abin da nake roƙo da babbar murya shi ne a guji gas ɗin da wasu ke haɗawa a kwalba da soda da gutsattsarin alminiyon. Wannan haidurojin ne, yana kamawa da wuta nan take. A gidan biki ga murhu, ga kaskon turaren wuta a ɗakin amarya, ga yara na riƙe da zare kusa da fuska. Maimakon haka, ki ɗaura balan-balan ɗin a kan tsinken kara ko ki liƙa a silin da salatif, za su yi kyau da iskar famfo. Mai ƙyalli kuma kada a sake shi ya tashi, domin alminiyon ɗinsa na ɗaukar lantarki, in ya taɓa wayoyin wuta yana iya haddasa tartsatsi.

An watse, aiki bai ƙare ba. Ki sa a tsince duk gutsuren da ya fashe kafin a kwanta. Yaro ɗan ƙasa da shekara 8 yana iya tsotsar gutsure don yin 'yar ƙwai, ya faɗa masa maƙogwaro ya toshe numfashi, kuma roba ba ta fita da sauƙi. Awaki da tumaki ma suna haɗiyewa ya cushe musu ciki. Wanda jikinsa ke ƙaiƙayi ko kumburi in ya taɓa roba, a nisanta shi da ita. Masu ƙyallin kuma kada ki yar: ki sake zura tsinken har can ciki, ki danna iskar ta fita, ki ninke su ki ajiye, za su yi miki wani sunan ko ki ba maƙwabciya aro.