Kurakuran da masu jirgin ruwa suka fi yi wajen gyaran injinsu da kansu

A ƙasar Katsina ba mu da babban kogi irin Kwara ko Binuwai. Ruwan da muke hawa na madatsai ne, kamar Zobe da ke kan kogin Karaduwa kusa da Dutsin-Ma, wadda aka kammala a 1983, da Jibiya da ke kan kogin Gada, sai Sabke da Daberam a nan ɓangarenmu na Daura. Yawancin masunta har yanzu da filafili suke tuƙi, kuma waɗanda suka ɗora inji a bayan jirgi ba su yi yawan da wani makaniki zai buɗe gareji dominsu kaɗai ba, saboda haka duk wanda ya sayi inji, ko ya so ko ya ƙi, shi ne makanikin kansa. Kusan kowannenmu da wata sana'a ya shigo: wani gyaran babur ya koya, wani janareta, wani injin ban ruwa na fadama. Ni shekara tara na yi ina kwance babura a Daura kafin in taɓa injin jirgi, kuma na gaji da ganin ana kawo mini injin da mai shi ya kashe da hannunsa ta hanyar kuskuren da na riga na yi, na kuma biya kuɗinsa. Wanda bai san komai ba tsoro yana hana shi taɓawa. Wanda ya iya babur shi ne mai ɓarna, domin da ya ɗaga murfi ya ga fulogi da kafireta sai ya ɗauka ya iso gida.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne tayar da inji a tudu. Babur iska ce take sanyaya shi, don haka mai gyaran babur ya saba da zarar ya gama aiki ya taka, ya murɗa, ya saurari muryar inji. Injin jirgi kuwa ruwan da yake ciki yake zuƙa ta wasu ƙofofi da ke ƙafarsa, kuma abin da yake tura ruwan zuwa sama wata ƙaramar roba ce mai fukafukai da ke juyawa a cikin gidanta, wadda ake kira imfela. Ruwan nan shi ne kuma yake jiƙa robar ya hana ta gogar ƙarfe a bushe. Idan babu shi, ba a cika minti ɗaya ba fukafukan sun fara ƙonewa, kuma mugun abin shi ne ba za ka ji wata ƙara ba, ba za ka ga hayaƙin da ya bambanta da na kullum ba.

Haka ta faru da ni a shekarata ta farko da Yamaha mai ƙarfin doki 15. Na wanke kafireta a zauren gidanmu, na ɗaure injin a jikin benci, na ja igiya, ya tashi da murya mai daɗi, har na bar shi yana aiki ina nuna wa yara gwanintata. Washegari da asuba muna tsakiyar Sabke, jirgi cike da raga, sai na ji ƙarfinsa yana raguwa, wari ya taso daga ƙarƙashin murfi, kafin in kai hannu ya tsaya cak, igiya ta ƙi jawuwa. Fistin ya kama a cikin silinda. Da filafili ɗaya muka dawo gaɓa bayan hantsi, iska tana mayar da mu baya. Da na kai injin wurin wani dattijo da ya yi shekaru yana wannan aiki a Yauri, bai ko kwance kan injin ba, ƙafar ya sauke, ya zazzage gutsattsarin roba a tafin hannunsa, ya ce, "Ɗana, a cikin me ka tayar da shi jiya?" Na ce, "Baba, ai a zaure ne, kuma bai daɗe ba." Ya ce, "To, a zauren ka kashe shi, ruwa gawarsa kawai ya karɓa." Raguna biyu na sayar kafin in haɗa fistin da ringi da gasket da kuɗin aiki, ga asarar kamun kusan wata guda.

Tun daga ranar na yanka durom na ajiye a tsakar gida. Duk injin da zan tayar, sai na cika durom ɗin har ruwa ya rufe faffaɗan ƙarfen da ke saman farfela ya wuce shi da kamar faɗin tafin hannu, kuma giya tana tsakiya. Da ya tashi, idona yana kan siririn ruwan da yake tsartuwa ta gefe, wanda mu a bakin ruwa muke kira fitsarin inji. Idan bai fito ba ina kashewa nan take, in zura igiyar ƙugiya a ƙofar, domin sau da yawa laka ce ko gidan zanzaro ya toshe ta. Idan an buɗe ƙofar kuma ruwa bai zo ba, imfela ce. Ni kowace shekara nake sauya ta kafin marka, ko da ta yi kyau a ido, saboda ruwan madatsanmu idan ya ja baya a bazara yashi ne da laka, kuma yashi yana cin roba da gidanta tare. Wajen saka sabuwa, a juya sandar inji ta hannun dama yayin da ake danna gidan, domin fukafukan su kwanta gefe ɗaya, kuma kada a manta da ɗan makullin ƙarfen da yake riƙe ta a jikin sandar, domin in babu shi sanda za ta juya roba tana tsaye. Idan tsohuwar ta kakkarye, a haɗa gutsattsarin a ƙirga fukafukan su cika, saboda wanda ya ɓace yana can ya toshe hanyar ruwa.

A nan ne kuma zan ambaci masu cire tamostat, wato ɗan abin da yake daidaita zafin inji, su jefar, wai ƙasarmu da zafi, kamar yadda ake yi wa motoci a gareji. Injin da bai kai zafinsa ba ba ya ƙone mai sosai, fulogi yana baƙi, kuma da hunturu, lokacin da ruwa yake da sanyi da asuba, za ka yi ta fama da shi yana mutuwa. In ta lalace a sayi wata.

Sai haɗin mai. Yawancin injinan da ke hannunmu masu bugu biyu ne, wato waɗanda ake haɗa musu baƙin mai a cikin fetur, kuma wannan mai shi kaɗai ne yake shafar fistin da boris. Ma'aunin da aka fi bayarwa ga irin waɗannan injina shi ne kashi 50 na fetur da kashi 1 na mai, wato mililita 20 a kowace lita, rabin lita ke nan a tanki mai lita 25. Sabon inji, ko wanda aka sauya wa fistin da ringi, ana ninka masa man a awa goma na farko. A duba littafin inji ko rubutun da ke jikinsa, domin akwai masu wani ma'aunin dabam. Amma me nake gani a bakin ruwa? Mutum ya karkata galan ya tsiyaya da ido, ya ce hannunsa ya saba. Hannunka bai saba da komai ba, ɗan'uwa, ranar da kake da kuɗi ka zuba da yawa, ranar da babu ka rage. Wanda ya rage yana cin fistin, wanda ya cika kuma yana tara gawayi a ringi, ya kashe fulogi, sannan ya zo yana zargin mai kanti da sayar da jabu. Mafi muni shi ne mai zuba baƙin man mota, har da wanda aka juye daga wata motar. Man injin jirgi dabam yake, ana rubuta TC-W3 a jikin robarsa, an yi shi ne don ya ƙone ba tare da barin toka ba. Ni kwalba ɗaya na auna na yi mata zane da wuƙa, a jarka nake haɗawa in girgiza kafin in juye a tanki, kuma fetur ɗin 'yan bumburutu ba ya shiga tankina sai ya kwana a farar jarka na ga ko ruwa ya kwanta a ƙasa.

Abu na biyu da ya ci mini kuɗi shi ne man giya, kuma har yau raina yana ɓaci idan na tuna, domin sakaci ne tsagwaronsa. Mu masunta a cikin raga da igiyar mamari muke yawo. Zaren roba yana naɗewa a bayan farfela inda ido ba ya gani, zafin juyawa ya narkar da shi ya zama kamar zobe, ya yanke sil ɗin da yake tsare mai. Daga nan mai yana fita, ruwa yana shiga, inji kuma yana tafiya lafiya lau har ranar da haƙoran giya za su zube. Ƙanena ne yake fita da jirgin a lokacin, kuma kullum na tambaye shi sai ya ce, "Yaya, lafiya ƙalau yake, ko tari ba ya yi." Ranar da na kwance notin ƙasa, wato na ƙofar da ake zubar da man giya a ƙafar inji, abin da ya fito fari ne kamar nono, da ƙyalƙyalin ƙarfe a ciki. Na yi masa faɗa, amma laifin nawa ne, domin ni ne mai sifana, kuma wata shida ban cire farfela ba. Yanzu duk Juma'a da safe nake cire ta, in tsince zare, in shafa giris a sanda, in mayar da ita da sabon fin a kan noti. Wanda ya ga wannan aiki ya yi yawa, ya je ya tambayi kuɗin giya a Kano.

Wajen zuba sabon mai kuma masu babur suna da kuskure iri ɗaya: suna zubawa ta ƙofar sama, domin haka hankali yake bayarwa. Iska tana tarewa a ciki, mai ya dawo bakin ƙofa, mutum ya ɗauka ya cika alhali ko rabi bai kai ba. Ƙofofi biyu ne. A tsayar da inji, a buɗe duka biyun, a matsa man giya mai lamba 90 ta ƙofar ƙasa har ya ɓullo ta sama, a rufe ta saman tun robar man tana bakin ta ƙasan, sannan a zare a rufe da sauri. Kowane noti yana da ɗan wosha, kuma a sa sabo, kada a naɗa zare ko leda a madadinsa. Littafi yana cewa a sauya man bayan awa 100 na aiki, ni kuwa kowane wata nake sassauta notin ƙasa in ga launin ɗigon farko.

Sauran kurakuran ƙanana ne, amma suna ɓata yini. Kafin ka kwance kafireta, duba ɗan notin iska da ke kan murfin tanki, domin idan yana rufe inji zai yi tafiya kaɗan ya mutu, kuma na ga mutum ya kwance kafireta sau uku a kan wannan. Robar da ake matsawa a tiyon mai tana da kibiya, bakin kibiyar inji yake kallo. Kada a zura waya ko allura a cikin jet, wato 'yar ƙofar da mai yake bi a cikin kafireta, ta tagulla ce, tana faɗaɗa, inji ya koma shan mai. Fulogi da hannu ake fara ɗaura shi har ya zauna, sannan a ƙara kaɗan da sifana, saboda kan injin alminiyom ne, kuma wanda ya cinye zarensa ya jawo wa kansa tafiya birni. A sa lambar fulogin da aka cire, ba na babur da ya yi kama da shi ba. Idan za a kwantar da inji a mota ko a ɗaki, kan ya fi ƙafa tudu, don kada ragowar ruwa ya gangara cikin silinda. Igiyar kashe inji kuma a hannu ake ɗaura ta, ba a naɗe ta a jikin sitiyari ba.

Injin da ya faɗa ruwa yana da nasa hukunci, kuma a nan ma tunanin tudu yana cutarwa, domin mutane suna shanya shi a rana kwana biyu wai ya bushe. A cikin kwana biyun nan tsatsa take kama boris. Da an tsamo shi a wanke laka, a cire fulogi, a ja igiya a hankali ruwa ya fita, a zubar da abin da ke cikin kafireta, a tsiyaya mai a silinda, a tayar da shi a ranar da sabon fetur ya yi zafi sosai. Idan an ji gurzar yashi yayin jan igiya, a tsaya, sai an kwance shi gaba ɗaya. Da ma an ɗaure shi da igiya a jikin jirgi, an kuma duba matsin maƙalansa biyu kowace safiya, da ba a kai nan ba.

Akwai wurin da ni kaina nake tsayawa duk da shekarun da na yi da sifana. Ba na raba karanshaf, wato sandar da fistin yake juyawa a cikin inji, domin sai da injin matsa da ma'aunin daidaita shi, kuma ba na saita tazarar haƙoran giya, saboda siraran woshoshin da ke bayansu da ma'auni ake zaɓarsu. Haka nan idan zan mayar da ƙafar inji ta ƙi shiga, ba na jawo ta da noti ko in sa guduma, farfela nake ɗan juyawa da giya a ciki har haƙoran sanda su hau kansu. Waɗancan ayyuka biyu idan sun taso, a buhu nake sa kayan, in rubuta lambar injin da ke jikin maƙali a takarda, in hau motar Kano da sassafe.