Yadda ake sayen sunan domen a sayar, ga mai farawa daga nan Damagaram

Tun ranar da na faɗa a fada cewa an sayar da sunan shafin voice.com dala miliyan 30 a 2019 yara suka hana ni sakat, kowa sai na koya mishi. Kuma dalar Amurka nake nufi fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba, kar wani ya ɗauko canjin shayi. To ga yadda ake yi, amma ka ji tun yanzu, ba sayen fili ba ne, hayar rumfa ce irin ta kasuwar Dole, duk shekara sai ka biya, ka daina biya a ba wani.

Abu na farko ka gane wutsiya. Domen shi ne sunan da kake bugawa ka shiga shafi, wutsiya kuma ita ce abin da ke bayan ɗigon, kamar .com ko .ne tamu ta Nijar ko .ng ta maƙwabta. Da can ba su da yawa, sai a 2012 hukumar ICANN da ke Amurka, mai kula da sunayen intanet, ta buɗe ƙofa, aka shigar da takardun neman sabuwar wutsiya 1,930 kowace a kan dala 185,000, daga nan ne sama da wutsiya 1,200 suka fito, su .xyz da .shop da .online da .app, har .africa ta fara aiki a 2017. Kuma ICANN ta tsayar da 2026 don sabon zagaye, kuɗin takarda wannan karon dala 227,000, wato wasu za su ƙara cika kasuwa. Wannan wasan manya ne, mu ƴan tebur ne a bakin ƙofarsu, amma ya shafe mu saboda duk lokacin da wutsiya ta ƙaru, wadda kake riƙe da ita ƙimarta na iya raguwa tunda mai saye ya samu zaɓi.

Wadda ke tashe yanzu .ai ce, kuma abin dariya ba sabuwa ba ce, ta wani ɗan tsibiri ce Angila a yankin Karibiyan, sa'a ce kawai haruffan suka dace da AI, sunan ƙirƙirarriyar basira a turance, a 2023 kaɗai sun samu wajen dala miliyan 32 da ita. Sai dai ba ta talaka ba ce, mafi ƙaranci shekara biyu ake biya a dunƙule, wajen jika 80 zuwa sama. Kuma wutsiyar ƙasa tana bin siyasar ƙasar, ka duba .io da kamfanonin fasaha ke rububi, ta yankin tsibiran Cagos ce, a Oktoban 2024 da Ingila ta ce za ta miƙa tsibiran Cagos ga Murishus hankalin masu ita ya tashi. Nan kusa ma .ml ta Mali da ake rabawa kyauta ta hannun kamfanin Freenom, a 2023 gwamnatin Mali ta karɓe abinta.

Na biyu, kuma nan ne nake so ka zauna da kyau, ka duba kuɗin sabuntawa kafin kuɗin saye. Ni nan na sha kashi. Wani dare ina kwance a tsakar gida a Birni an ɗauke kuran, waya saura kashi 12, na ga wani kamfanin rijista ya sa wata sabuwar wutsiya a ƙasa da jika ɗaya, wallahi har da tashi zaune, na kwashi suna tara, su kilishi da fata da gyaɗa da me da me, ina lissafin babur ɗin da zan saya. Shekara ta zagayo ba wanda ya ko taya, saƙo ya shigo imel kowane ɗaya sai na biya sama da jika 15 kafin ya ci gaba da zama nawa, na saki takwas na riƙe ɗaya don kunya, shi ma bana na sake shi. Wasu sunayen ma masu wutsiyar kan ware su a matsayin na musamman, tsadarsu duk shekara take maimaituwa. Ita .com farashin sarinta a wajen Verisign, kamfanin da ke riƙe da ita, ya koma dala 10.26 a Satumban 2024, kai za ka same ta jika 7 zuwa 10, ba ta yi maka bazata. Don haka ka ninka kuɗin sabuntawa sau biyar, in ba za ka iya ɗauka ba ka bar shi.

Na uku zaɓen suna. Kafin ka danna komai ka lissafo mutum ko kamfani biyar na gaske da za su iya buƙatar sunan nan kuma suna da kuɗin biya, in ba su kai ba to sha'awa ce kawai. Gajere, mai sauƙin faɗa a waya, ba lamba ba karan tsakiya. Sunan Hausa yana da daɗi amma masu sayensa kaɗan ne tukuna, kuma ka tuna ƙ da ɗ da ɓ ba kowa ke bugawa ba, sannan mu muna rubuta Tchanga wasu na rubuta Canga, rubutun faransanci da na boko sun raba maka kasuwa biyu. Ka shiga NameBio ka ga nawa aka sayar da masu kama da shi, ka leƙa Wayback Machine ko an taɓa yin damfara ko caca da shi a baya. Sunan kamfanin wani kuwa kar ka kusance shi, akwai dokar UDRP ta rikicin sunayen domen tun 1999, su kai ƙara hukumar WIPO a Janeba a ƙwace ba ko sisi.

Na huɗu rijista, wannan mai sauƙi ne. Ka buɗe asusu a irin su Namecheap ko Porkbun ko OVH in faransanci ya fi maka, matsalarmu dai biya ce, sai da kati irin na Visa da bankinka ya buɗe wa sayayyar waje, ka gwada shi da ƙaramin abu tukun. Kar ka ba abokin da ke Kano ko Yamai ya saya maka a asusunsa, wanda sunansa ke kan rijista shi ne mai kaya. Ka sa imel ɗin da kake buɗewa kullum, ka kunna tabbaci mai mataki biyu, ka rubuta ranar ƙarewa a jikin kalanda don rezo ba shi da amana.

Na biyar kasa kaya. Ka sa shi a shafukan dillancin domen Afternic da Sedo, ka rubuta farashi ƙarara maimakon "a taya", su za su yanki la'adarsu, yawanci daga kashi 15 zuwa sama, ka sa wannan cikin lissafi. Kwana 60 na farko ba a iya mayar da sabon domen wani kamfanin rijista. Kuma tun kafin ciniki ya faɗa ka bincika ta wace hanya kuɗin zai iso asusunka a nan, kar a sayar ka tsaya kallon lamba a allo. In mai saye ya zo kai tsaye ku bi ta Escrow.com, su riƙe kuɗin sai ka miƙa suna.

Akwai kuma masu turo imel su ce za su saya dala dubu goma amma sai ka fara biyan wani shafi ya yi maka takardar ƙiyasi, ƴan damfara ne, ƙiyasin suke sayarwa.

In shekara ta cika ka zauna ka tace, wanda ba a ko tambaya ba ka sake shi. In kuma mantuwa ce ta sa mai kyau ya kuɓuce, yawanci akwai kwana 30 na fansa amma da tara mai zafi, bayan nan kwana 5 a goge shi ya koma kasuwa, kuma akwai kamfanonin da injinansu ke tsaye suna jiran wannan daƙiƙar, kai da forfe ɗin dare ba za ka riga su ba.