Ga masu son ɗaukar hoto don nishaɗi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗaukar hoto abin sha'awa ne mai cinye aljihu a hankali, kamar gara. Yau kyamara, gobe ka ce gilashinta bai kai nesa ba, jibi jaka da abin kafa ta. Ni kaina akwai wata fitilar hoto da na saya da zumuɗi, sau biyu na kunna ta, yanzu ƙura ce ke more ta a saman kabad.

Shawarata, ku fara da wayar da ke hannunku. Ku fita da sassafe ko gab da faɗuwar rana, lokacin da haske ya yi laushi, za ku sha mamaki. Wajen gyaran hoto kuwa, manhajar Snapseed kyauta ce a waya, manhajar GIMP ma kyauta ce a kwamfuta.

In har sai an sayi kyamara, a nemi ta hannu, wato wadda aka taɓa amfani da ita. Amma a tambayi adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, domin marfin da ke buɗewa ya rufe a cikinta yana tsufa. A haska gilashin da tocila a duba ko ya yi fumfuna ko ya karce. Gilashin kyamara mai lambar 50mm f/1.8 a jikinsa yana cikin mafi araha, ga shi da kyau ko a wuri mai ƙarancin haske.

Duk abin da ya ba ku sha'awa, ku ba shi kwana 30 kafin ku biya. In da hali, ku ara wajen aboki ku gwada tukuna.