Shawara ga mai niyyar ziyartar tsohuwar fadar sarakunan Sin a Beijing

'Yan'uwa, duk wanda fatauci ko karatu ya kai shi Beijing, yake kuma son ganin fadar da ake kira Forbidden City, wadda aka kammala a 1420 zamanin Sarki Yongle na daular Ming, ya tanadi tikiti ta intanet da lambar fasfonsa kwanaki kafin tafiyar, ya kuma sani cewa ranar Litinin a rufe take, sai dai idan ta dace da babban hutun ƙasa. Ta ƙofar kudu, wato Wumen, ake shiga.

A ganina, rufin gine-ginen ne ya fi cancantar a tsaya a ƙare masa kallo. Yawancin rufin rawaya ne, launin da a zamanin da na sarki ne kaɗai, kuma ƙananan siffofin dabbobin da aka jera a kusurwar kowane rufi suna nuna darajar ginin: babban zauren Taihedian ne kawai yake da guda 10. Ɗakin ajiyar littattafai na Wenyuange kuwa baƙin rufi aka yi masa, domin a al'adarsu baƙi alamar ruwa ne, ginin katako kuma babu abin da yake tsoro kamar gobara.

Bayan an fita ta ƙofar arewa, a hau tudun Jingshan, domin daga can ne ake ganin yadda manyan zaurukan suka jeru a layi ɗaya daga kudu zuwa arewa.