Yadda Ake Nuna Shaidar Shekaru Idan Mai Kanti Ya Nema a Saudiyya

Dokar yaƙi da shan taba ta Saudiyya, wadda aka fitar da umarnin sarki a shekarar 1436 ta Hijira, wato 2015, ta haramta sayar da taba ga duk wanda bai cika shekara 18 ba, ko sigari ce ko tabar shisha. Wannan ne ya sa mai kanti a Jidda ko Riyad ko Ɗa'if zai dubi fuskar matashi ya ce masa ya kawo hawiyya, wato katin shaida, kafin ya miƙa hannu ga kanta. Yawancin 'yan uwanmu kan ɗauki tambayar a matsayin raini, musamman idan suna ganin don baƙar fata aka yi musu ita, alhali kuwa tara a kan mai sayarwa take faɗawa idan jami'an baladiyya, wato hukumar birni, suka kama shi, kuma sau da yawa shi ma ma'aikaci ne baƙo da ke tsoron kada abincinsa ya ƙare a kan kwalin sigari ɗaya.

Abu na farko shi ne ka san takardar da za a karɓa daga hannunka. Baƙo mazaunin ƙasar zai nuna igamarsa, wato katin izinin zama, ɗan ƙasa ya nuna katinsa na ɗan ƙasa, wanda ya zo umara ko ziyara kuma fasfonsa ne shaidarsa. Lasisin tuƙi na Saudiyya ma yana ɗauke da hoto da ranar haihuwa. Katin zaɓe ko katin ɗan ƙasa na Najeriya ko na Nijar, komai ingancinsa a gida, mai kanti bai san shi ba, kuma ba za ka zarge shi ba idan ya juya shi gaba da baya ya mayar maka.

Wanda ba ya son yawo da katin igama yana iya nuna ta a waya, domin manhajar Absher da ta Tawakkalna duka suna ɗauke da kwafin da hukuma ta amince da shi. Sai dai a buɗe manhajar kanta a gaban mai kanti, kada a nuna hoton allo da aka ajiye, saboda kowane yaro ya iya gyara irin wannan hoto. Shawarata ita ce ka shiga manhajar tun kana ƙofa, domin tana iya neman lambar sirri da za a turo ta saƙon waya, kuma babu daɗi mutum ya tsaya yana latse-latse alhali layi ya taru a bayansa.

Inda aka fi samun gardama shi ne lissafin shekarun kansa, domin kalanda biyu ake aiki da su a ƙasar. Shekarar Hijira tana da kwana 354 ko 355, wato ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, saboda haka wanda ya cika shekara 18 da lissafin Hijira, da sauransa wata shida da 'yan kwanaki kafin ya cika ta da lissafin Miladiyya. A ɗauki yaron da aka haifa a Makka a shekarar 1429, wadda gaba ɗayanta ta faɗa cikin 2008. Iyayensa da suka saba ƙirga shekarunsa daga azumi zuwa azumi za su ce ya kai tun a cikin 1447, amma mai kanti zai dubi ranar da ke jikin katin, ya jawo kalkuleta kusa da shi, ya cire 2008 daga shekarar da ake ciki, sannan ya sa yatsa a kan watan haihuwa ya girgiza kai. Babu amfanin tsayawa ana ja-in-ja da shi a kan wace kalanda ce ta fi. Wanda ya cika 18 da lissafin Miladiyya ya cika ta kowace fuska, kuma nan ne matsayar da ba mai iya musa maka. Haka kuma, da yawa daga cikinmu ranar haihuwar da ke fasfo ƙiyasi ce da aka rubuta a ofis, shi ya sa 1 ga Janairu ta yi yawa a takardunmu. Abin da ke rubuce shi ne shekarunka a wurin mai kanti, ko da mahaifiyarka ta san ba haka ba ne.

Idan za ka nuna katin, ka riƙe shi a hannunka yadda zai ga hoto da ranar haihuwa, domin iyakar abin da yake bukata ke nan. Kada ka yarda a ɗauki hotonsa da wayar wani, kuma kada ka bar shi jingina, saboda lambar igama ita ce mabuɗin layin wayarka da asusun bankinka. Aron katin wa ko na aboki don kuna kama kuwa, wannan ya wuce maganar taba, ya zama amfani da shaidar wani, kuma yana iya jefa mai aron da mai katin duka a hannun hukuma.

Sai batun aike, wanda a ganina shi ne ya fi shafar gidajen Hausawa. A wurinmu aiken yaro kanti tarbiyya ce, kuma uba bai ga laifi ba idan ya ba ɗansa riyal hamsin ya ce ya sayo burodi da madara, ya haɗo masa da kwalin sigari. A nan kuwa, ko yaron ya ce, "Baba ne ya aiko ni," kuma mai kantin ya san uban shekara da shekaru, doka wanda ke tsaye a gaban kanta take kallo. Mai bukata ya tafi da ƙafarsa. Haka nan idan matashi ya tare ka a bakin shago ya ce, "Yaya, don Allah ga kuɗi ka karɓo mini," ka ba shi haƙuri ka wuce.

Ba taba kaɗai ake tambayar shekaru a kanta ba. Tun da aka sake buɗe gidajen sinima a 2018, kowane fim yana da alamar shekaru, irin su R15 da R18, kuma ana iya neman shaida a ƙofa ko da an riga an sayi tikiti ta intanet. Wasannin kwamfuta ma suna da tasu alamar a jikin kwali. Akwai kuma kayan da shekaru ba sa buɗe ƙofarsu: magungunan kashe ƙwayoyin cuta da masu sa maye sai da takardar likita, giya haramun ce a kasuwa ga babba da yaro, sannan a kewayen Harami, a Makka da Madina, ba a sayar da taba ko da mai nema ya yi furfura.

Idan ka nuna ingantacciyar shaida kuma aka hana ka, ka nemi ganin mai kula da shagon cikin natsuwa, domin ɗaga murya a kanti ba ya ƙarewa da kyau ga baƙo. Idan abin ya ci tura, Ma'aikatar Kasuwanci tana karɓar koken masu saye a lamba 1900, wanda kuma ya ga shagon da ke sayar wa yara taba yana iya sanar da baladiyya a lamba 940.